Kano ma tana rataye da teku

Rahoton nan da ya yi bayanin yadda masuntan gaɓar Legas ke duba yanayin iska a waya kafin su tura kwale-kwale, sannan su tallata kifinsu a WhatsApp, ya yi kyau, amma ya tsaya a bakin ruwa, alhali maganar ta iso har Kano. Yawancin intanet ɗin da muke amfani da shi yana shigowa ne ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, waɗanda ke fitowa a Legas. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin MainOne da WACS da SAT-3 da ACE suka samu matsala a yankin Kwaddebuwa, kuma duk wanda ke Kantin Kwari a ranakun nan ya ga yadda mai saye ke tsaye da atamfa a hannu yana jiran kuɗin da ya tura su shiga, mai shago kuwa ya ƙi sakin kaya sai ya ga saƙon banki. Gyaran ya ɗauki makonni, domin sai jirgin ruwa na musamman ya ciro wayar an haɗa ta.

Ɗan kasuwar da ya yo odar kaya daga Sin kuma a wayarsa yake bibiyar kwantenarsa har ta sauka tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas. Da marubucin ya waiwayi tashar tsandauri ta Dala, wato tashar sauke kwantenoni ta kan tudu da ke Zawaciki a nan Kano, wadda aka buɗe a 2023, da rahoton ya fi amfanar mu.