Zafin fitsari ga mai ciki ba laulayi ba ne

Na gaji da jin ana cewa mai juna biyu ta yi haƙuri da zafin fitsari, wai laulayi ne, da ta sauka zai wuce. Masu faɗar haka suna da ɗan dalili, domin yawan fitsari kam ciki na kawo shi, tunda mahaifa na danne mafitsara.

Amma raɗaɗi ko zafi wajen fitsari daban ne. Galibi ƙwayoyin cuta ne, musamman E. coli da ke zaune a hanji, suka shiga mafitsara. Ciki kuwa yana sauƙaƙa musu, saboda sinadaran jiki na sassauta hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda, sai fitsarin ya riƙa kwanciya, ƙwayoyin su hayayyafa.

A ɗauki mace mai cikin wata 6 da aka ce ta jure, tana shan jiƙon maganin sanyi. Ciwon na iya hawa zuwa ƙoda, ta wayi gari da zazzaɓi, rawar sanyi, amai da ciwon kwiɓi. Daga nan naƙuda na iya tasowa kafin lokaci.

Abin da ya fi damuna, wata ko zafin ba ta ji alhali ƙwayoyin na nan. Shi ya sa ake gwajin fitsari wajen awo. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar maganin kwana 7 ga irin wannan. Akwai magungunan da suka dace da mai ciki, likita ne zai zaɓa, kuma a shanye su duka ko da an ji sauƙi.