Wandon Baba ya dawo yayi, to aljihun wa kuɗin ke shiga?

Akwai wani hoto mai baƙi da fari a gidanmu, wajen 1975 aka ɗauke shi a wani shagon hoto a Sabon Gari. Baba ne a tsaye ya dafa kujera, ya tara suma kamar kwando, riga ta ɗame shi ga kwala faffaɗa kamar kunnen giwa, wandon kuwa daga gwiwa zuwa ƙasa ya buɗe sai ka ce da shi za a share tsakar gida. Tun muna yara hoton nan abin dariyarmu ne, ballantana da muka zama samari lokacin da ake yayin tsukakken wando, irin wanda sai ka zauna ka sa leda a ƙafa kafin ya shiga. To ranar Sallar da ta wuce sai ga ɗan ƙanina ya shigo gaida Hajiya da wani jibgegen jins, ƙafa ɗaya za ta ɗauki mutum biyu. Na ce kai wannan buhun fa? Ya ce, "Baffa ai shi ake yayi yanzu, bintej ne." Wato wai kayan tsohon zamani da suka dawo yayi. Na ce a ina ka saya? Ko kunya babu ya ce Ƙofar Wambai.

Gwanjo kenan fa. A zamaninmu in ka sayi gwanjo sai ka wanke shi sau biyu ka shanya a bayan ɗaki don warin nan ya fita, in an tambaye ka ka ce wani yayanka ne ya aiko maka daga Legas. Yanzu an canza masa suna, an goge shi an rataye an haska masa fitila a Instagram, yaran kuma alfahari suke da shi. Wajen mata ma haka zancen yake, ɗaurin ture-ka-ga-tsiya da iyayenmu suka yi har suka gaji ya dawo, riga da zane mai faɗin hannu ta dawo, ranar kamu sai ka ga amarya cikin saƙi, 'yan mata kuma sun addabi kakanni a buɗe musu adaka su zaɓi tsohuwar atamfa.

Kuma ba mu muka fara ba. A Turai da Amurka matasa sun koma kayan shekarun 1990 da farkon 2000, manyan jins da manyan jaket, har da takalmin Samba na Adidas, wanda tun shekarun 1950 aka yi shi don 'yan ƙwallo, a 2023 ya dawo ana rububinsa kamar yau aka ƙirƙiro shi. Masu sharhi a can suna ta cewa wai alama ce ta matsin tattalin arziki, in aljihu ya yi zafi mutane sai su koma baya. Ni dai na yarda da rabin maganar, rabin kuma ina da ja.

Turawa sun daɗe suna son karanta tattalin arziki a jikin tufafi kamar masu duba a ƙasa. Akwai wata tsohuwar magana da ake jingina wa wani masanin tattalin arziki George Taylor tun 1926, wai in kasuwa na ci siket ɗin mata gajarcewa yake, in ta faɗi sai ya yi tsawo. Hujjarsu ita ce shekarun 1920 an sa gajere, da kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a 1929 sai rigunan suka sauko ƙasa. A 2001 kuma Leonard Lauder na kamfanin kayan kwalliya na Estée Lauder ya ce in ana cikin matsi cinikin jambaki ƙaruwa yake, don macen da ba ta iya sayen jaka mai tsada ba sai ta lallashi kanta da ƙaramin abu. Zance ne mai daɗi a majalisa, amma da korona ta zo a 2020 kowa ya rufe baki da takunkumi sai cinikin jambakin ya faɗi, alhali ana cikin matsin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Ka ga kenan ma'aunin da takunkumi ɗaya ya karya ba ma'auni ba ne.

Ni babban abin da ya sa nake ja shi ne lissafin yadi, kowane tela zai gaya maka. Ɗinkin iyayenmu ya fi na yanzu cin yadi. Kaftani da wando yadi huɗu zuwa biyar sun isa, amma ka ce za ka yi babbar riga irin ta dattawa da 'yar ciki da wando, wajen yadi goma kake magana, ba a zo kan aikin wuya ba, in kuma aska takwas ce ta hannu to sai ka haɗa da haƙuri na watanni. Wandon ɗan ƙanina ma yadinsa ya kusa yin biyun namu na da. Da talauci ne kawai ke zana kaya, ai da yanzu kowa 'yar shara yake sawa. Tarihi ma ya nuna haka, Ingila ta fara rabon tufafi da kati a 1941 saboda yaƙi, ba a daina ba sai 1949, amma a 1947 mai zanen tufafi Christian Dior ya fito a Paris da siket mai cin yadi kamar hauka, mata kuma suka rufa masa duk da ana cikin babu, don sun gaji da tsuke-tsuke. Yayi yana da nasa dalilin, yaro ba ya son ya yi kama da yayansa, to in yayan ya sa matsattse shi sai ya sa burmeme, abin da kakansa ya sa kuma ya yi nisan da ba ya ba shi kunya. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ko dala na naira ɗaya wandon nan sai ya dawo.

Inda tattalin arziki ya shigo da gaske shi ne wajen da ake sayen kayan, da kuma cire kunyar sayensu. Kowa ya san abin da ya faru tun 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. A watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000. To mutumin da ke wannan lissafi ya shiga Kantin Kwari ya taya shadda Getzner, wadda daga Ostiriya take zuwa, ko super 'yar Holan, ai sai dai ya shafa ya ce Allah ya sa albarka ya fito. Sai ya zamana yayi ya faɗo daidai kan gaɓa, abin da babu za ta tilasta maka ka sa shi ne kuma ake yayi, ka huta da ƙarya. Yarinyar da ta ɗauko atamfar kakarta ta kai wa tela ba ta ce ba ni da kuɗin sabuwa ba, cewa take irin wannan zanen yanzu ba a samunsa a kasuwa, kuma gaskiya ta faɗa, duka biyun gaskiya ne.

Can ma haka aka yi. Hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Amurka a Yunin 2022, Ingila ta ga 11.1 a Oktoban shekarar, matasansu suka tattara suka koma manhajojin gwanjo irin su Vinted, wadda aka kafa a Lituweniya a 2008, da Depop da kamfanin Etsy ya saya a 2021 kan dala biliyan 1.6. Gwanjo fa, dala biliyan ɗaya da ɗoriya. Su kuma suna ƙara wa abin kwalliya da cewa kare muhalli suke, wasu da gaske suke wasu kuma aljihu ne ke magana.

Akwai kuma abin da ke zuci, shi ba a auna shi da alƙaluma. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Hoton Baba an ɗauke shi ne a tsakiyar kuɗin mai, bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, lokacin da naira ta fi dala daraja, ma'aikaci yana sayen Vespa da rediyo ya kuma ɗinka kaya kala uku a Salla. Yaron da aka haifa bayan 2000 bai ga ko ɗaya ba, labari kawai yake ji, abin da zai iya taɓawa na wancan zamani shi ne wandon. Ban ga laifinsa ba wallahi.

Amma fa bintej iri biyu ne, kada a ruɗe mu. Akwai na mai kuɗi, wanda zai je wajen babban tela a Abuja a yi masa ɗinkin da a kan farashin yau, ko a saƙa wa amarya sabon saƙi na musamman, wannan ba ragin kuɗi yake ba ƙari ma yake. Akwai kuma na wanda zai duƙa gaban tulin kaya da sassafe ranar da aka fasa dila yana tona. Su kamfanoni kuwa abin nema ya samu, ba sai sun biya mai zane ya yi sabon tunani ba, su buɗe tsohon kundi su sake bugawa su ƙara kuɗi, sati biyu kuma jabunsa daga Chana ya cika kasuwa. Shi ma gwanjon ya daina zama na talaka zalla, don dila da kuɗin waje ake sayo ta, dala ta tashi sefa ta tashi, sannan ga masu sayarwa a waya sun riga kowa zuwa sun tsince masu kyau, abin da ya rage shi ake bar wa mai ƙaramin ƙarfi.

To a nan ne abin ke ci min rai. Rigar da Baba ya sa a hoton nan, Hajiya ta ce yadin Kaduna ne. Kuma ba abin mamaki ba ne, don masaƙar KTL (Kaduna Textiles) ta fara aiki tun 1957 zamanin Sardauna, daga baya ga Arewa Textiles ga UNTL duk a Kaduna, Kakuri, unguwar masaƙun, in an tashi daga aiki kekuna ne ke rufe titi, Kano ma ga masaƙu a Bompai da Sharaɗa, audugar kuma daga gonakin Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Wato a da in yayi ya canza, manomi ya ci, ma'aikacin masaƙa ya ci, ɗan Kwari ya ci, tela ya ci, kuɗin yana zagayawa a cikin gida. Sai SAP, shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, ta zo a 1986 kayan gyaran injina suka yi tsada, wuta ta ƙi zama, baƙin man da masaƙu ke aiki da shi ya yi wuya, aka buɗe ƙofa kaya masu arha suka kwararo ta gaba da ta bayan fage, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi a 2007. Yau ka zaga Kwari ka ƙirga atamfa nawa ce aka buga a ƙasar nan, ba za ka gaji da ƙirga ba.

Na sa yaron ya juyo min takardar da ke cikin ƙugun wandonsa, Bangaladash aka rubuta. Ka duba tafiyar da wandon nan ya yi, an ɗinka shi a Asiya, wani ya sa shi a Turai ya gaji ya jefa a akwatin sadaka, aka tantance aka ɗaure a dila aka loda a kwantena, jirgi ya sauke a Kwatano, aka san yadda aka yi ya tsallako iyaka, don har gobe gwanjo yana cikin jerin kayan da kwastam suka haramta shigowa da su, haramcin da kowa ya san a takarda kawai yake. Kowa a hanyar nan ya ci rabonsa, mu namu shi ne ribar ɗan kasuwar ƙarshe da kuɗin guga. Kuma in ana so a ga ƙarshen wannan hanya a leƙa kasuwar gwanjo ta Kantamanto a Akara, babban birnin Ghana, inda ake ƙiyasta kaya miliyan 15 ke sauka duk sati, kusan kashi 40 cikinsu shara ne tun daga dila, suna ƙarewa a bola da bakin teku, ga gobarar da ta cinye kaso mai yawa na kasuwar a farkon Janairun 2025. Ruwanda ta gwada ƙara haraji kan gwanjo don ta raya masaƙunta, a 2018 Amurka ta cire tufafinta daga AGOA, tsarin shigar da kayan Afirka kasuwar Amurka ba haraji. Kenan tsumman nan ma akwai masu tsaronsa.

Ba cewa nake a hana gwanjo ba, wanda ya ce haka bai taɓa sayen rigar sanyin yara biyar da albashi ɗaya ba. Abin da nake cewa shi ne a cikin duk yayin nan ɓangare ɗaya ne kuɗinsa ke tsayawa a gida, shi ne na kayanmu na asali, saƙi da rinin Ƙofar Mata da aikin hannu na babbar riga da hular da mata ke ɗinkawa a cikin gidaje, sai kuma telan unguwa da ke farke tsohon leshin Hajiya ya mai da shi sabon ɗinki. Waɗannan ba a iya kwaikwayonsu da sauƙi a ƙetare, ko an kwaikwaya ido yana ganewa. In gwamnonin da ke ta taron farfaɗo da masaƙu da gaske suke, ga kasuwa nan matasa sun buɗe da kansu ba tare da an kashe ko kwabo a talla ba, kuma masu sana'ar nan ba biliyoyi suke nema ba, zare mai kyau ne da wutar da za ta zauna da kuma yara masu koyo, don yawancin masaƙan tsofaffi ne. Yayi kuma ba ya jira, shekara uku huɗu wandon zai sake tsukewa.

Yaron da ya ga hoton sai ya liƙe wa Hajiya wai ina wandon yake, a ba shi. Ta ce wane wando, ai tun kafin a haifi ubanka na ba masu canjin kaya suka ba ni kwanon sha biyu.