Masu shagon kunkurun nan sun yi daidai

Tun shekaranjiya ake turo min bidiyon nan na wani ɗan'uwanmu a nan Amurka da masu shagon dabbobi suka hana sayen kunkuru, ya ce wai wariyar launin fata ce. Ta kowace kafa ake turo shi, har da masu kirana a waya wai shiruna ya yi yawa. To ga abin da zan ce, kuma na san ba zai yi wa wasu daɗi ba: masu shagon nan sun yi daidai da suka hana shi kunkurun. Da ni ne a bayan kantar, ni ma hana shi zan yi. Ɗan'uwanmu ne, yarenmu ɗaya, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a, amma wannan bai sa ya zama mai gaskiya ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zargin wariyar launin fata da ya ɗora wa bayin Allahn nan. Mu da ke zaune a Amurka mun san wariya, mun sha ta a wurin aiki, a wurin neman gidan haya, a bakin titi a hannun ɗan sanda. Idan muka riƙa ihun wariya don an hana mutum sayen kunkuru, ranar da aka yi mana ta gaske wa zai waiwayo?

Ku sake kallon bidiyon, da bakinsa ya faɗi komai. 'Yar mai shagon ta tambaye shi ina yake zaune, ya ce gidan haya a bene. Akwai tsakar gida? Babu. Yaron da za a saya wa don murnar ranar haihuwarsa, shekararsa nawa? Huɗu. Ya san girman da dabbar za ta yi? Ya ce ai kunkuru kunkuru ne, mene ne abin sani. Sai ta ba shi haƙuri, ta ce ya riƙa kawo yaron ran Asabar ya ga dabbobin kyauta. Wannan ne cin mutuncin? Wannan ne ya isa ka tsaya a ƙofar shagon mutane kana ɗaukar fuskar tsoho da matarsa, kana cewa jama'a su yi musu ca? Haba Malam!

Mene ne abin sani, in ji ka. Abin sani shi ne ɗan mitsitsin da ka gani a intanet zaune a tafin hannu, mai tsawon santimita biyar, irin kunkurun Sahel ne, wanda a nan suke kira sulkata. A duk duniya iri biyu ne kawai suka fi shi girma, na tsibiran Galapagos da na Aldabara. Idan ya balaga yakan kai kilo 40 zuwa 50, akwai mazan da suka haura kilo 90. Yana iya shekara 70 a duniya, har ya wuce. Yi lissafi da kanka: yaronka mai shekara huɗu zai yi furfura, ya aurar da jikoki, dabbar nan tana nan tana neman ciyawa. Wanda ya sayi kunkurun nan ya sayi shekara saba'in, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma rami yake haƙawa mai tsawon mitoci, don haka Allah ya halicce shi, da ramin yake tsere wa ranar bazara. A bene ina zai haƙa? Zai kankare bango, ya ture kujeru, ya tuge bututun banɗaki, mai gida ya kawo maka takardar tashi. Ba ya kuma yin barcin hunturu kamar wasu kunkuran ƙasashen sanyi. A nan jihar Ohayo da ruwa ke daskarewa a waje cikin Janairu, sai an tanadar masa ɗaki da hita da fitila mai irin hasken rana wata da watanni, in ba haka ba ciwon huhu ya kama shi.

Sannan akwai maganar yaron shi kansa, wanda ake cewa dominsa ake wannan rigima. Tun 1975 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da kunkurun da bai kai inci 4 ba a matsayin abin kiwon gida, saboda yara na ɗauka su sa a baki su kwashi ƙwayar cutar salmonela, a kwana a asibiti da gudawa da zazzaɓi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar nan har gobe shawararta ita ce kada yaron da bai kai shekara 5 ba ya riƙa taɓa irin waɗannan dabbobi. Yarinyar nan ɗanka ta kare maka, kai kuma ka saka mata da yaɗa fuskar iyayenta a duniya.

Na san shagon nan, yarana na son zuwa. Duk wanda ya taɓa shiga ya san rabin abin da ke ciki ba na sayarwa ba ne. Daga ka wuce kanta ka shiga ciki, wani ƙaton kunkuru ne zai fara tare ka a cikin shingen katako. Wata rana da sanyin safiya tsohon ya zo buɗe shago, a tsakiyar hunturu, ya tarar da shi a cikin robar wanki a bakin ƙofa, an lulluɓe shi da tsohon bargo, babu takarda babu lambar waya. Hancinsa na fitar da kumfa, idanunsa sun kumbura sun rufe. Ƙoƙon bayansa, wanda ya kamata ya zama sumul, duk ya yi tudu-tudu, kowane gida ya tashi da tsini, saboda an shekara da shekaru ana ba shi abincin kare a busasshen ɗaki, dabbar da cimarta ciyawa ce da ingirici. Ya warke daga ciwon huhun, amma bayan nan haka zai mutu da shi. Na tsaya na ga matar tsohon, dattijuwa mai ciwon gwiwa, ta durƙusa tana jiƙa shi a ruwan ɗumi, tana goge masa tsakanin tudun da buroshi, shi kuma ya miƙo wuya ya ɗora haɓa a bakin bahon. A gefe akwai iguwana, wannan ƙaton ƙadangaren na kudancin Amurka, muƙamuƙinta ya karkace saboda ta girma babu hasken rana ƙashinta ya yi laushi, sai an yayyanka mata ganye ƙanana take iya ci. Akwai wata ƙaramar mesa, irin wadda ke naɗe jikinta kamar gammo idan ta tsorata, cikinta duk tabon ƙuna daga dutsen ɗumi na lantarki da mai ita ya saka mata ya manta. Kowace ɗaya a cikinsu akwai ranar da wani ya shiga wani shago da murna ya ce kuɗinsa ne, a miƙo masa. Aka miƙa masa, ba a tambaye shi komai ba.

Wa ke biyan kuɗin wutar da ke ɗumama su dare da rana? Wa ke biyan likitan dabbobi, a ƙasar da ganin likita kawai sai ka riƙe baki? Tsohon nan da matarsa da 'yarsu, daga cinikin abincin dabbobi da fitilu da keji. Babu gwamnatin da ke ba su ko sisi. Mutanen da suke kwashe abin da wasu suka yar a ƙofarsu su ne yau ba su da ikon tambayarka ina za ka ajiye dabba?

Na ga sharhin masu cewa ai kuɗinsa ne, ya sayi abin da ya ga dama. Kuɗinsa ne, shagonsu ne. Ciniki sai da yardar mai sayarwa, wannan ko a Kurmi haka yake. Na ga masu cewa su ma ai sayar da dabbobin suke yi, munafunci ne. To da wanda zai sayar bayan ya tambaye ka, da wanda zai tura maka jariri a cikin kwali ta gidan waya bai san ko kai waye ba, wanne ne munafuki? Na ga kuma masu cewa mutane na kwana da yunwa a gida mu muna nan muna maganar kunkuru. Wannan ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Mai bidiyon ba abinci ya je saya wa mayunwata ba, kunkuru ya je saya, shi ya kawo maganar. Kuma mu da aka karantar da mu tun muna makarantar allo cewa mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba, bai kamata a ce Bature ne zai tuna mana haƙƙin dabba ba. Da ka ɗauko ta ka shigar da ita gidanka, cinta da shanta da ɗuminta sun hau wuyanka, kuma za a tambaye ka. Wanda ya sayi kunkurun nan ya sayi shekara saba'in, da hisabin shekara saba'in.

Idan kuna ganin abin wasa ne, ku dubi jihar Florida. Mesar ƙasar Bama (Myanmar) da aka riƙa sayarwa tana ƙarama, mutane suka gaji da ita suka riƙa saki a fadamar Ebagiles, wasu kuma suka kuɓuce, yau ta hayayyafa ta cinye ƙananan dabbobin wurin, zomaye sun kusa ɓacewa a wasu yankunan. Sai a 2012 aka hana shigo da ita ƙasar, bayan aikin gama ya gama, tun 2013 kuma jihar take shirya gasar farautarta. Hukumar namun dajin jihar har shiri ta buɗe a 2006 na cewa duk wanda ya gaji da dabbarsa ya kawo ba za a ci shi tara ba, don dai kada ya sake ta a daji. A Arizona akwai gidan ceton dabbobi kusa da birnin Finiks da ke riƙe da irin kunkurun nan ɗaruruwa. Macensu kan saka ƙwai 15 zuwa 30 a zubi ɗaya, kuma fiye da sau ɗaya a shekara, masu kiwo na ta ƙyanƙyashewa suna sayarwa da araha, bayan shekara biyar ko goma sai a nemi inda za a yar. Duk wannan ɓarna daga kantar da ba a yin tambaya take farowa.

Masu cewa a gida muna ajiye kunkuru babu wanda ya taɓa tambayarmu, ku ne kuka fi ba ni takaici, domin dabbar nan tamu ce. Daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan da Habasha da Eritiriya, nan ne ƙasarta. A gida akwai rana, akwai ƙasar haƙawa, akwai tsakar gida, wannan gaskiya ne. Amma mu faɗa wa kanmu sauran gaskiyar. Wa bai taɓa ganin kunkurun da aka huda wa gefen ƙoƙo aka zura waya aka ɗaure a gindin bishiya ba? Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya, haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa, yana jin zafi. Wa bai ga yara sun kifar da shi suna dariya yana ta harba ƙafa a rana ba? Wa bai ga ana zuba masa ragowar tuwo da miya ba? Rashin tambayar nan da muke alfahari da shi ne ya kai mu inda muke. Ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa a daji, saboda kwararowar hamada, da dabbobin kiwo da suka cinye ciyawar da yake ci, da masu kamawa su sayar. Tun 2000 yarjejeniyar cinikin namun daji ta duniya ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji don kasuwanci, a shekarar ce kuma Amurka ta hana shigo da shi, saboda kaskar da ke jikinsa tana ɗauke da wata cuta mai tara wa shanu da tumaki ruwa a zuciya. Ma'ana, waɗanda ke shagunan Amurka yanzu jikokin waɗanda aka kwaso daga jejinmu ne. A Senegal sun farga, suna da ƙauyen kunkuru a Noflaye kusa da Dakar inda ake karɓarsu a kula da su. Mu fa?

Malam, ka sauke bidiyon nan, ka je ka ba tsohon nan haƙuri. Ba za ka ragu da komai ba. Masu kiran lambar shagon suna zagi kuma ku ji tsoron Allah, dattijuwar nan ce ke ɗaukar waya.

Af, wani ya rubuto min cewa shekara 70 ma na rage, wai kunkuru na yin 300, hujjarsa Alagba, kunkurun fadar Soun, sarkin Ogbomosho, da ya mutu a 2019, wanda aka ce ya shekara 344. Irin wannan kunkurun namu ne, kuma masana ba su yarda da lissafin ba, domin babu sulkatar da aka tabbatar ta yi ko kusa da haka, wasu na ganin kunkuru fiye da ɗaya ne suka gaji sunan. Wanda ake da shaidar tsufansa shi ne Jonathan na tsibirin Santa Helena, da aka ƙiyasta an ƙyanƙyashe shi wajen 1832, shi kuma wani iri ne daban daga tsibiran Seshels. Ni abin da nake so in sani, mutanen Damagaram da Diffa da Nguru da Gashuwa da ke bibiyata, ku tambayar min tsofaffin mafarauta da makiyayan garinku yaushe rabon da su ga babban kunkuru a bakin raminsa a daji, ba a gidan wani attajiri ba. Ku rubuto min abin da suka ce, da sunan dajin.