Ga mai gadin mashin

Jiya a wajen ɗaurin auren da aka yi a Tudun Wada bayan Juma'a, an ce wani ya buɗe baki cikin mutane ya ce wai ni tawa ta ƙare, tun da waccan ta tafi ko sallama ba na iya yi wa mace. Har da tafa hannu ana shewa. Kafin la'asar maganar ta iso ni, Zariya ba ta da faɗin da kake zato.

Ban kira suna ba. Wanda ya tsargu, da shi nake.

Abin da ya ɗaure min kai, wai yau mai gadin mashin ne yake auna bakin maza. Shekara shida ina zuwa zance gidan nan, daga 2017 har 2023, kai kana ina? Kana kan dakali a waje, makullin mashin ɗina a hannunka, sauro yana cin ƙafarka, kana jiran in fito mu tsaya wajen mai shayi a Ƙofar Doka. Ko zaure ba ka taɓa shiga ba. Har gobe babu gidan da ka taɓa tsayawa kai kaɗai ka ce a yi maka sallama da yarinya.

Na ji ciwo, wannan ba zan ɓoye shi ba. Da ita na yi zaman kullen korona na 2020, kullum muna waya har dare ya raba. An kai kuɗin gaisuwa, iyaye sun san juna, ina tara lefe turmi-turmi. Sai aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kasuwa ta tsaya cak, abin da na tanada don akwati uku ya kasa cika biyu. Aka ce an gaji da jira. Kuma kowa ya san ƙafar da ta riƙa zarya gidan baffanta tana cewa yaron nan ko sisi ba shi da shi. Ni na ciyar da ƙafar nan. Allah yana gani.

Shekara ɗaya da rabi na yi, in mace ta shigo shago sai in bar wa yarona ciniki. Ba tsoro ba ne, zuciya ce ta mutu. Gwaggona ce ta zaunar da ni ta ce, ɗan nan, wadda ta tafi ai ba da harshenka ta tafi ba. Daga nan na koma gaisawa da mutane kamar da, na koma zuwa biki da suna, na daina bin layin gidansu.

Bayan Ƙaramar Salla na yi istihara, na sa sabuwar shadda, na nufi Gyallesu ni kaɗai. Na kira wani yaro na ce shiga ka ce ana sallama da wance. Tsayuwar nan ta minti goma, tafin hannuna jiƙe da gumi, na gyara hula ya fi a ƙirga. Ta fito da darduma da ruwa a kofi. Na gaishe ta, na faɗi sunana da unguwarmu da sana'ata, na ce da maganar aure na zo, in an yi mata miji ta faɗa min, don Annabi (SAW) ya hana nema cikin nema. Ta sunkuyar da kai, ta ce babu kowa. Mashin yana waje babu mai gadi, kuma lafiya lau na same shi.

To kai wane ne da za ka mayar da ciwona abin hira? Me na tsare maka? Wace rana ka roƙe ni na hana ka? Ka ci nawa, ka sha nawa, ka rushe min shekara shida, sannan ka zo kana dariya a gaban mutane, mai gadin mashin kawai!

Ran Asabar manya za su kai gaisuwa. Wallahi in na ji ƙafarka ta taka wannan gidan ma, ranar zan kira suna.