Wankin ƙoda munka je, ciwon hanta munka kwaso

Wallahi jiya raina ya ɓaci. Tun asuba na ɗauko Baba daga Mabera cikin keke napep, ƙafafu sun kumbura, numfashi da ƙyar, muna zaune layin wankin ƙoda sai ga wata nas da takardar gwaji a hannu, ko sallama babu, gaban kowa ta ɗaga murya, "Ina mai tsohon ga mai ciwon hanta? Ku ja shi gefe." Nan take mutanen da muke benci guda da su sunka fara jan jiki. Baba ya sunkuyar da kai, dattijon da anguwa guda ke bi salla!

Nac ce Sista don Allah a hankali, haihuwarki fa ya yi. Tac ce "To ƙarya na yi? Ciwon hanta nau'in B gare shi, injin wankin masu B kuma ya lalace, ku nemi wani wuri." Nac ce wane wurin? Ta ɗaga kafaɗa. Nac ce ranar da munka fara zuwa nan ku kunka gwada shi, B da C da ƙanjamau duk babu, to ina yas samo? Ko kallona ba ta yi ba, "Malam tambayi likita," ta ja ƙofa.

Ina zai samo in ba nan ba, mutumin da daga gida sai asibiti? Ƙwayar B tana kwana 7 da ranta cikin busasshen jini bisa gado ko jikin inji, ga ƙarin jini leda bayan leda don allurar ƙara jini ta fi ƙarfin aljihunmu. Abin da ke ci mani rai, B ɗin ga tana da rigakafi, C ce ba ta da, amma ba wanda ya taɓa ce muna ku yi mashi. Gona munka sayar muna biyan wanki, kuɗin rigakafi ne za su gagare mu?

Ita nas ɗin ma da sauƙi, gwamnati fa? A 2025 anka yi shela an rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin tarayya, to mi ragi zai yi wa wanda anka ce babu injin da za a ɗora shi? Manyanmu ƙoda na motsawa sai Indiya ko Masar, su bar masu B da inji guda, shi ma a mace. Ku gyara shi, ku sawo na biyu, ku sa dokar yi wa duk mai ciwon ƙoda rigakafin B kyauta tun kafin a soka mashi allurar farko.