Wai Rubutu Ne Kawai, Ba Dutse Na Fasa Ba

Jiya da yamma na kira mutumin da na yi wa aikin wata 3, domin in tambayi haƙƙina. Labari mai kashi 12 ya ce in rubuta masa, zai riƙa sakawa a shafinsa duk mako. Na rubuta. Sau 4 yana dawo min da shi yana neman gyara, ina gyarawa. Kashi na 7 kuwa sai da na rushe shi gaba ɗaya na sake gini, domin ya ce yana so jarumar ta yafe wa mijinta. Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami ya san ba a tilasta wa mutum yafiya a shafi ɗaya. Sai ka koma baya ka shuka dalilin tun daga kashi na 2, ka sauya yadda take magana, ka zubar da hirarrakin da ka fi ƙauna domin sun daina dacewa da bakinta. Dare nawa na raba a kan wannan, Allah kaɗai ya sani.

Kira na farko bai ɗauka ba. Na biyu ya katse. A na uku ya ɗaga, da muryar wanda aka takura wa.

Na gaishe shi da girmamawa, na ce, "Ranka ya daɗe, maganar kuɗin aikin nan ce. Yau kwana 60 ke nan da na miƙa."

Ya yi shiru. Ina jin sa yana hira da wani a gefe, har da dariya, ni kuma ina riƙe da waya a kunne kamar mai roƙo. Can ya dawo ya ce, "Malam, wai wane kuɗi?"

Na ce, "Na labarin da kuke sakawa duk mako."

Ya ce, "Haba Malam! Rubutu ne fa kawai. Ba dutse ka fasa ba. Zama ka yi kana danne-danne."

Wallahi sai da na ji ƙirjina ya yi nauyi. Na haɗiye, na ce mun yi magana tun farko, kuma shi da bakinsa ya faɗi abin da zai biya. Sai ya ce ai taimakona suka yi, yanzu mutane da yawa suna karanta ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ta yaya suke karanta ni, alhali ko sunana babu a jiki?" Ya ce labarin nasu ne, su suka kawo shawarar. Shawarar da yake tinƙaho da ita jimla ɗaya ce: yana son labarin soyayya mai ban tausayi. Daga wannan jimlar zuwa mutanen da na halitta, na ba su suna da hali da ciwo, wa ya yi tafiyar? Shi?

Sannan ya kawo wadda ta fi kowacce ciwo. Ya ce, "Kai ma ka san yanzu akwai manhajar da za ta rubuta min irin wannan cikin minti ɗaya, kyauta." To, ranka ya daɗe, me ya hana ka zuwa wurinta tun farko? Ita ka kira da tsakar dare kana cewa kashi na 7 bai taɓa zuciyarka ba? Ita masu karatunka suke yaba wa a ƙarƙashin wannan kashin, suna cewa sun zubar da hawaye? Ban ƙarasa ba ya ce yana da baƙi, ya kashe wayar.

Shekarata 9 ina cin abinci da rubutu, kuma wannan ba shi ne na farko ba. Akwai mai cewa ka rubuto babi ɗaya "a gani", ka aika, ka daina jin ɗuriyarsa. Akwai gasar da sai ka biya kafin ka shiga, kuma a cikin ƙananan sharuɗɗanta an kwashe maka haƙƙin labarinka ko ka ci ko ka faɗi. Akwai wanda zai kwafe littafinka ya raba a zaurukan intanet, a yi ta sa masa albarka. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, wannan mutumin ba shi kaɗai ba ne, al'umma ce ta koya masa. Ana biyan mai zana bango, ana biyan mai buga littafi, ana sayen data a karanta, amma wanda ya ƙirƙiri abin da ake karantawa shi ake tsammanin ya ƙoshi da yabo. Iyaye suna ce wa ɗansu marubuci ya nemi aikin yi. Masu karatu suna cewa "turo min" ba ko kunya.

Gwamnatoci fa? Tun 1886 aka ƙulla yarjejeniyar Berne, ƙasashe sama da 180 sun shiga. Ta ce haƙƙin marubuci yana tabbata ba tare da sai ya yi rajista ba, kuma yana ɗorewa tsawon rayuwarsa da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. A takarda ke nan. A zahiri kuɗin lauya ya fi bashin da kake bi, macuta kuma sun san haka, shi ya sa suke dariya a waya. Ba wai abin ya gagara ba ne. Birnin New York ya fara aiki da wata doka a 2017 da ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya ga aikin da ya kai dala 800, ta ce a biya cikin kwana 30 idan ba a tsayar da rana ba, wanda ya ƙi kuma ana iya sa shi biyan ninki biyu. Marubutan fina-finai a Amurka sun ajiye alƙalami kwana 148 a 2023 har sai da aka saurare su, domin suna da ƙungiya mai haƙora. Sauranmu sai jawabi duk ranar 23 ga Afrilu, Ranar Littafi ta Duniya, a yabi littafi da haƙƙin mallaka, a watse.

'Yan uwana marubuta, musamman masu tasowa, ku ji ni da kyau. Kada ka ɗora alƙalami sai an rubuta yarjejeniya, ko da a saƙon waya ne: nawa, yaushe, gyara sau nawa, sunan wa zai fito. Ka karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗin idan zai yiwu. Kada ka miƙa kashi na ƙarshe sai ragowar ta shigo hannunka. Kuma don Allah mu daina karya wa juna farashi, domin duk wanda ya yi kyauta yau ya ba irin wannan mutumin bakin zagin na gaba.

Daren jiya na tattara saƙonninmu kaf, har da wanda ya faɗi kuɗin da bakinsa, na rubuta masa cewa yana da kwana 7: ko ya biya ya sa sunana, ko ya sauke min labarina. Ya buɗe saƙon, bai amsa ba. Yau da safe ya saka kashi na 9.