Dundumin yaro ba abin jira ba ne

'Yan uwana magidanta na Agege, Mile 12 da Idi-Araba, mu ne muke sauke karas da kabewa daga Arewa, amma yaranmu koko da burodi da taliya suke wuni a kai. Ciki ya cika, ido kuwa yana yunwar bitamin A.

Dundumi ne alamar farko. Ana kiran magariba sai yaro ya rakuɓe, ya daina wasa, yana laluben kwano ko yana tuntuɓe a tsakar gida. Daga nan farin idon ya bushe, wani tabo mai kama da kumfar sabulu ya fito a gefensa. Har nan magani yana ci. In ta kai baƙin idon ya yi hazo ya fara laushi, cikin 'yan kwanaki zai iya fashewa, kuma gani ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa haka duk shekara, rabinsu kuma ba sa cika shekara a raye bayan sun makance.

Ƙyanda da gudawa su ke gaggauta abin, don suna ƙarar da ɗan bitamin A ɗin da hanta ta adana. Yaro mai ƙyanda da ya rufe ido yana gudun haske, asibiti za a kai shi a ranar. Don Allah kada a ɗiga masa ruwan albasa ko na sukari, kada a sa kwalli. Za a ba shi bitamin A a ranar, a ƙara washegari, in idon ya taɓu a sake bayan mako biyu.

Rigakafin kyauta ne a asibitin sha-ka-tafi. Ɗan wata 6 zuwa 11 shuɗin ƙwanson bitamin A ake ɗiga masa, mai awo 100,000. Daga shekara ɗaya zuwa biyar ja ne, mai 200,000, duk wata shida. A riƙa tafiya da kati, domin ninkawa na kawo amai da kumburin maɗiga. Allurar ƙyanda kuma wata 9 da wata 15.

A gida, kada a matse dakashi a zubar, shi ne kason bitamin A na farko ga jariri. Bayan wata shida a haɗa masa da ƙwai, hanta, zogale, gwanda ko mangwaro. Ganye sai an sa masa ɗan mai sannan jiki ke amfana da shi sosai. Manja yana da albarka sosai, amma ku gaya wa uwargida kada ta soya shi har jansa ya washe, don a cikin jan nan amfanin yake. Cokali ɗaya a faten yaro ana dab da saukewa ya isa.